Bayan faɗuwa a jarrabawar CFA: sabbin littattafai ko na da?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zauna jarrabawar CFA, wadda ake yi don samun shaidar ƙwarewa a nazarin kuɗi da zuba jari, mataki na farko a watan Mayu, sakamako ya fito ban ci ba. Taƙaitattun littattafan wani kamfani na karanta, na kuma kalli bidiyonsu kusan duka. Ina son in sake zama a Nuwamba. Abokaina kowa da tasa: wani ya ce in canza kamfani, wani ya ce in koma littattafan cibiyar CFA ɗin kanta mai shirya jarrabawar, wani ya ce in haɗa duka. Ga shi ina aiki, lokacina kaɗan ne. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa zama na gaba ya zo da alheri. Na san zafin buɗe wannan saƙo bayan watannin da mutum ya hana idonsa barci, kuma na zauna da mutane da dama a makon da suka buɗe nasu. Don haka abin da zan fara roƙonka shi ne ka mayar da katin bankinka aljihu. Nan da mako biyu kada ka sayi komai.

Dalilina shi ne, wanda ya faɗi jarrabawa yana son ya ji ya yi wani abu nan take, kuma sayen sabon ƙunshin littattafai shi ne abu mafi sauƙi da ke ba shi wannan jin. Kwali ya iso, shafuka sababbi, rai ya ɗan yi sanyi. Amma har yanzu bai san abin da ya kayar da shi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kai ma akwai abin da ya jawo taka faɗuwar, kuma shi ne zai gaya maka abin da za ka saya, in ma akwai buƙatar sayen. Mai yiwuwa littattafan ne. Sau da yawa ba su ba ne.

Ka kuma sani ba kai kaɗai ba ne. A mafi yawan shekarun nan waɗanda ke tsallake matakin farko ba sa kai rabin waɗanda suka zauna, a zaman watan Yuli na 2021 ma kashi 22 cikin 100 ne kawai suka ci. Cikin waɗanda suka faɗi akwai masu kowane irin littafi da ka taɓa jin sunansa, haka ma cikin waɗanda suka ci.

Fara da takardar sakamakonka. Tana nuna maka yadda ka yi a kowane fanni cikin fannoni goma, da kuma tazarar da ke tsakaninka da makin ci. Sai dai akwai yadda ake karanta ta. Tambayoyin jarrabawar 180 ne, kuma ba a raba su daidai ba. A manhajar 2024 da 2025, ɗa'ar aiki tana ɗaukar kashi 15 zuwa 20, wato tambayoyi 27 zuwa 36. Nazarin bayanan kuɗin kamfani, da hannun jari, da takardun lamuni, kowanne kashi 11 zuwa 14 ne, wato tambaya ashirin zuwa ashirin da biyar. Waɗannan huɗun kaɗai sun kai kusan rabin jarrabawar ko fiye. Shi kuwa fannin kwangilolin da darajarsu ke rataye da wata kadara, wanda ɗalibai suka fi jin tsoro, kashi 5 zuwa 8 ne kacal, tambaya tara zuwa sha huɗu. A fanni mai tambaya goma, canka biyu da suka yi daidai ko suka kuskure sun isa su ɗaga ka sama ko su kai ka ƙasa. Saboda haka kada ka gina shirinka a kan ƙaramin fanni. In ka ga ka yi rauni a biyu daga cikin manyan huɗun nan, to ka ga inda makinka ya zube.

Takardar tana faɗa maka inda ka faɗi, ba ta faɗa maka yadda aka yi ka faɗi. Wannan kai za ka binciko, kuma hanya ɗaya na sani. Ka ware rana guda da ba ka aiki, ka zauna cikakkiyar jarrabawar gwaji wadda ba ka taɓa gani ba, ba tare da ka yi bitar komai ba. Zama biyu, kowanne minti 135 da tambaya 90, waya a wani ɗakin, agogo a gabanka. Makin da za ka samu ba zai yi daɗin gani ba, kuma ba shi muke nema ba. Washegari ka ɗauki littafin rubutu, ka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka faɗi, ka rubuta dalili a gefenta da kalma ɗaya ko biyu: ban taɓa fahimta ba, na sani na manta, na karanta tambayar a gurguje, kalkuleta, lokaci ya ƙure. Kada ka tsallake waɗanda ka ci da canka. Zaɓi uku ne a kowace tambaya, don haka ko wanda bai buɗe littafi ba zai iya cin ɗaya cikin uku. Ka sa musu alama, ka ƙirga su cikin waɗanda ba ka sani ba.

Bari in nuna maka amfanin wannan da misali. Takardar lamuni ce mai darajar 1,000, tana biyan kashi 5 a shekara, saura shekara uku, kasuwa kuma na neman kashi 6. Farashinta 973.27. Wani ɗalibi da na zauna da shi ya yi ta samun 981.29, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa bai fahimci takardun lamuni ba, yana shirin sayen bidiyon wani malami. Na karɓi kalkuletarsa, BA II Plus ce, sai ga BGN a saman allon. Tun wata tambaya da ya yi kan kuɗin da ake biya a farkon zango ya bar ta a haka, ita kuwa tana ta lissafa masa kowane biya kamar a farkon shekara ake yin sa. Ilimin yana kansa daram. Maɓalli uku ne suka gyara abin da yake shirin kashe wa makonni. Da bai zauna ya bi kuskurensa ba, da ya sayi maganin ciwon da ba ya damunsa.

Idan ka gama wannan aikin, sai ka duba wace kalma ce ta fi yawa a littafin. Nan amsar tambayarka take.

In "na sani na manta" da "a gurguje" da "lokaci" ne suka cika shafin, kuma su ne ke cika shi ga yawancin masu maimaitawa, to littattafanka ba su da laifi. Yadda ka yi amfani da su ne. Ka ce ka karanta, ka kalli bidiyo kusan duka, amma ba ka ambaci yawan tambayoyin da ka amsa ba, kuma wannan shirun ya ja hankalina. A nan nake son in daɗe, domin akwai tarkon da ya fi kama mai maimaitawa fiye da sabon shiga.

Tarkon shi ne sabo. Duk shafin da ka buɗe yanzu, idonka ya san shi. Za ka ga jadawalin, ka ga dabarar lissafin, zuciyarka ta ce "ai na san wannan," ka wuce. Gane abu in an nuna maka daban, fito da shi daga kanka lokacin da babu littafi daban, kuma na biyun ne jarrabawa ke tambaya. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini littattafanta, kowane layi an shafa masa launi, rawaya da kore da ruwan hoda, gefen shafi cike da rubutu mai kyau. Na ce ta rufe, ta gaya mini da bakinta abin da ke faruwa da ribar kamfani da harajinsa in yana amfani da tsarin lissafin haja na LIFO a lokacin da farashin kaya ke hawa. Ta yi shiru, ta ce in bari ta ɗan leƙa. Tana leƙawa ta ce, "Wallahi na san shi." Gaskiya ta faɗa, idonta ya san shi. Amsar kuwa gajeriya ce: kayan da aka saya daga baya masu tsada su ake fara lissafawa a matsayin waɗanda aka sayar, sai kuɗin kaya ya hau, riba ta sauka, haraji ya ragu, darajar hajar da ta rage a littafi ta zama ta tsohon farashi. Ta karanta wannan sau uku a watanni biyar, amma ba ta taɓa tilasta wa kanta faɗinsa littafi a rufe ba.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2013 wasu masana ƙarƙashin John Dunlosky sun yi bitar dabarun karatu guda goma da ɗalibai ke amfani da su. Biyu ne suka samu matsayi mafi girma: mutum ya riƙa gwada kansa da tambayoyi, da kuma rarraba karatu a kan lokaci maimakon tara shi wuri ɗaya. Maimaita karanta shafi da shafa wa layi launi suna cikin na ƙasa. To ka ga, in ka sayi sabon littafi ka sake karantawa daga bango zuwa bango, ka canza bango ne kawai, hanyar da ta kai ka inda kake ita ka sake bi.

Saboda haka ga mai maimaitawa ina juya tsarin. A karon farko karatu ne a gaba, tambayoyi a baya. Wannan karon tambayoyi ne za su shiga gaba. Ka buɗe babi, ka amsa tambaya ashirin tun kafin ka karanta komai, abin da ka faɗi shi zai aike ka shafin da za ka karanta. A ganina kashi biyu cikin uku na lokacinka ya tafi a amsa tambayoyi da bin kuskure, kashi ɗaya a karatu. Kuma in haka ne, abin da ya fi muhimmanci a cikin kayan karatunka shi ne rumbun tambayoyi, littafin bayani yana biye.

Yanzu ga maganar abokinka da ya ce ka koma littattafan cibiyar. Yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan mai nauyi ne. Masu tsara jarrabawar daga manhajar cibiyar suke ciro tambayoyinsu, ba daga taƙaitawar kowane kamfani ba. Kuɗin rajistarka ya riga ya haɗa da manhajar a dandalinsu na intanet, tare da tambayoyin atisaye da jarrabawar gwaji. Abin mamaki, mutane da yawa suna biyan wannan, su bar shi a rufe, su je su sake biyan wani. In ba ka amsa tambayoyin da ke dandalin cibiyar a karon farko ba, to kana da rumbu guda cike wanda ba ka taɓa ba, kuma salon rubutunsa ya fi kowanne kusa da abin da za ka tarar a ɗakin jarrabawa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Amma ban ce ka karanta manhajar duka ba. Shafuka dubbai ne, kai kuma kana aiki, tsakaninka da Nuwamba kamar wata huɗu ne. Wanda ya ɗauki wannan alƙawari yakan kai rabi a watan Oktoba, ya shiga jarrabawa bai yi gwaji ko ɗaya ba. Abubuwa uku nake so ka ɗauko daga cikinta: misalan da aka warware a tsakiyar kowane darasi, tambayoyin ƙarshen darasi, da cikakken bayanin duk wani batu da littafin kuskurenka ya ce ba ka taɓa fahimta ba. Ka kuma riƙa duba manufofin koyo da ke farkon kowane darasi, waɗanda ake kira LOS. Kowanne da kalmar aiki yake farawa. In ya ce ka lissafa, sai hannunka ya iya. In ya ce ka bayyana ko ka kwatanta, kada ka kwana kana haddace doguwar dabarar lissafi, ka fahimci me ke hawa in wani abu ya sauka.

Fanni ɗaya ne ba na yarda a karanta shi daga taƙaitawa, shi ne ɗa'ar aiki. Ƙa'idojin ba su da yawa, kowa na iya haddace su a kwana biyu. Wahalar tana cikin misalan, inda kalma ɗaya ke juya hukunci. Ga guda: abokin hulɗa ya ji daɗin ribar da ka samo masa bara, ya ba ka kyauta. Abin da ake so shi ne ka sanar da ma'aikatarka. Amma in ya ce zai ba ka wani abu idan jarinsa ya kai kaza a baɗi, wannan ya zama ƙarin lada a kan aikin da ba a yi ba tukuna, sai ka samu izini a rubuce kafin ka amsa. Mutum ɗaya, kyauta ɗaya, bambancin bara da baɗi ne kawai. Taƙaitaccen littafi zai ba ka ƙa'idar a layi biyu da misali ɗaya. Manhajar cibiyar za ta ba ka misalai da yawa a ƙarƙashin kowace ƙa'ida, kuma da su kunnenka zai saba da irin wannan bambanci. Ga kuma wani dalilin: cibiyar ta bayyana cewa wanda makinsa ya tsaya a bakin iyaka, yadda ya yi a ɗa'ar aiki na iya tura shi ciki ko waje. In tazararka da makin ci 'yar kaɗan ce, babu inda awa goma za ta fi yi maka amfani kamar nan.

To yaushe ne canza kamfani yake da ma'ana? A wurina a hali biyu.

Na farko, in "ban taɓa fahimta ba" ce ta fi yawa a littafinka. Taƙaitattun littattafai an rubuta su ne da zaton mai karatu yana da tushe. Wanda bai taɓa yin akanta ba, in aka ba shi harajin da aka jinkirta a shafi uku, zai haddace ne kawai, kuma hadda ba ta jure tambayar da aka juya. Wannan mutumin yana buƙatar malamin da zai faro daga tushe a hankali, kuma a nan bidiyo ke da amfani. Ka lura kuma cewa tun daga manhajar 2024 cibiyar ta cire wasu darussan share fage na lissafi da tattalin arziki da akanta daga abin da ake tambaya kai tsaye, ta ajiye su gefe a matsayin abin da ake zaton ka riga ka sani. In tushenka ne ke rawa, fara da waɗannan, suna cikin abin da ka riga ka biya.

Na biyu, in ka riga ka cinye rumbun tambayoyin kamfaninka. Tambayar da ka amsa sau biyu ta daina auna iliminka, tana auna tunawarka da cewa amsar B ce. Wanda ke samun kashi 85 a tambayoyin da ya saba da su, ya samu 55 a sababbi, na biyun ne makinsa na gaskiya. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na sayen sabon abu, kuma ko a nan ba cikakken ƙunshi kake buƙata ba. Yawancin kamfanonin suna sayar da rumbun tambayoyi da jarrabawar gwaji daban.

Sunayen da za ka ji ba su da yawa. An san Kaplan Schweser da taƙaitattun littattafai da rumbun tambayoyi, an san Mark Meldrum da IFT da darussan bidiyo, an san UWorld da dogon bayani a ƙarƙashin kowace tambaya, akwai kuma irin su AnalystPrep. Ba zan ce maka wane ya fi wane ba, domin na ga waɗanda suka ci da kowannensu. Abin da zan ba ka shi ne yadda za ka gwada su da kanka a yamma ɗaya. Galibinsu suna da samfurin kyauta ko 'yan kwanakin gwaji. Kada ka buɗe darasin farko, kowa ya iya koyar da darasin farko. Ka nufi batun da ya fi ba ka wuya, a ce harajin da aka jinkirta, ko yadda farashin takardar lamuni ke motsi in kuɗin ruwa ya canza. Ka saurari bayanin, ka rufe, ka je dandalin cibiyar ka amsa tambaya goma a kan batun. In makinka ya motsa, wannan malamin naka ne. In daɗin sauraro kawai ka ji, ka wuce. A rumbun tambayoyi kuma ka duba abu ɗaya: in ka faɗi tambaya, shin suna gaya maka dalilin da ya sa sauran zaɓi biyun ba daidai ba ne? Masu tsara jarrabawa ba sa zuba amsoshin ƙarya haka kawai. Kowacce sakamakon wani sanannen kuskure ce, kamar 981.29 ɗin nan. Rumbun da ke nuna maka daga wane kuskure kowace amsa ta fito yana koya maka abu uku a tambaya ɗaya.

Shi kuwa abokin da ya ce ka haɗa duka, ka yi masa godiya ka bar shawarar. Taura biyu ba ta taunuwa. Kowane kamfani da jerinsa da alamominsa na lissafi, mai bin biyu yakan ƙare yana kwatanta littattafai maimakon karatu. Manhajar cibiyar, da mataimaki ɗaya. Ya isa.

Akwai batun shekara, kuma wannan ba a wasa da shi. Manhajar CFA ta shekara ce: wadda aka yi jarrabawar Fabrairu da ita, ita ce ta Mayu da Agusta da Nuwamba. Tunda a Nuwamba za ka koma, littattafanka na Mayu suna nan da ransu, wannan ma wani dalili ne na riƙe su. In ka ɗaga zuwa Fabrairu kuwa, ka shiga sabuwar manhaja, sai ka nemi jerin abin da aka ƙara da abin da aka cire kafin ka dogara da tsohon littafi. Wani zai ce ai lissafi ba ya tsufa. Gaskiya ne, amma dokoki suna tsufa. Ƙa'idar akanta ta IFRS 16 da ta fara aiki a 2019 ta sa yawancin kadarorin haya sun shigo cikin jadawalin kadara da bashi na mai haya, littafin da ya girme ta zai koya maka tsohon tsari. LIBOR, ma'aunin kuɗin ruwa tsakanin bankuna da tsofaffin littattafai suka cika da shi, an daina wallafa na dala a tsarinsa na da a ƙarshen Yuni 2023. A farkon 2024 kuma an ƙara sabuwar ƙa'ida a kan ƙwarewa a cikin ɗa'ar aiki, aka gyara wasu biyu. Littafin da wani ya ci jarrabawa da shi shekara huɗu da suka wuce, ya ba ka da zuciya ɗaya, zai iya sa ka amsa tambaya da cikakken tabbaci ka faɗi.

Wannan ya kawo ni ga fayilolin da ke yawo a rukunonin WhatsApp da Telegram. Kwafin littattafan da aka sata, ban da haƙƙin masu shi da ke kai, sau da yawa ba ka san na wace shekara ba ne. Wanda ya fi haɗari shi ne abin da ake kira tambayoyin da suka fito, waɗanda wai wasu suka tuno bayan sun bar ɗakin jarrabawa. Ka nisance su. Fitar da abin da ke cikin jarrabawa saɓa wa ƙa'ida ta VII(A) ta ɗa'ar aiki ne, wadda kai da kanka ka sa hannu za ka kiyaye ranar da ka yi rajista, kuma hukuncinta na iya kaiwa ga soke sakamako ko hana mutum zama gaba ɗaya. Aikin da kake nema aikin riƙon amanar dukiyar mutane ne. Ina jin ciwo in ga yaro mai ƙoƙari ya jefa shekarunsa cikin haɗari saboda fayil ɗin da ko amsoshinsa ba a tabbatar ba.

Na'urorin hira masu ƙirƙirarriyar basira kuwa suna da amfani in kana son a sake maka bayani da wasu kalmomi, amma suna iya kuskuren lissafi su faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Duk abin da suka ba ka, ka auna shi da manhaja.

Jarrabawar gwaji ita ce kayan karatun da aka fi yi wa rowar lokaci. Mutane suna ajiye ta sai makon ƙarshe, wai sai sun gama shiri, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Kai da ka riga ka ga manhajar sau ɗaya ba ka da dalilin jira. Bayan ta farkon nan ta bincike, ka sa ɗaya a tsakiyar shirinka, sannan uku ko huɗu a makonni shida na ƙarshe, ka haɗa na cibiyar da na mataimakinka don kada ka saba da salon mutum ɗaya. Minti ɗaya da rabi ne rabon kowace tambaya, kuma jiki ne ke koyon wannan, sai an zauna an yi. Cibiyar ba ta tsayar da wani kaso ɗaya na dindindin a matsayin makin ci ba, shi ya sa masu koyarwa suka saba cewa a nemi kashi 70 a gwajin da ba a taɓa gani ba, don a samu 'yar rata. Kowace gwaji ka ba ta kwana biyu: ranar zama, da ranar bin kuskure. Ta biyun ce karatun. Kuma ka yi su duka da kalkuletar da za ka shiga da ita. Iri biyu kawai aka yarda da su, BA II Plus ta Texas Instruments da HP 12C. Kada ka canza daga wadda hannunka ya saba da ita, ka dai koyi duba allonta da share ƙwaƙwalwarta kafin kowace tambaya.

Ga masu karanta wannan da ke shirin wata jarrabawar, hanyar ɗaya ce, sai dai kowace hukuma da abin da take bayarwa. ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, misali, tana wallafa rahoton masu gyaran jarrabawa bayan zama, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka fi yi. Mai maimaita takardar ACCA da bai karanta wannan rahoto ba ya bar abu mafi amfani, kuma kyauta ne.

Saura lissafin lokaci, wanda shi ma yana cikin zaɓen littafi. An saba cewa kowane mataki yana cin kimanin awa 300. Mai maimaitawa ba lallai ya buƙaci duka ba, amma kada ka yi zaton rabin zai isa in tazararka da makin ci mai faɗi ce. Ka ɗauki kalanda ka ƙirga awannin da za ka iya bayarwa da gaske, bayan aiki da iyali da gajiya. In awa 12 ce a mako, a mako 16 ka samu 192. Wannan ya isa ga tambayoyin cibiyar, da ɗa'ar aiki daga tushe, da gyaran manyan fannoni biyu, da gwaji biyar. Bai isa a ƙara cikakken jerin bidiyon sabon malami a kai ba. In littafin kuskurenka ya nuna tushe ne babu a fannoni huɗu ko biyar, gara ka ɗaga zuwa Fabrairu, ka karɓi sabuwar manhajar, ka ɗauki malamin bidiyo ɗaya ka bi shi a natse. In kuwa mantuwa da gaggawa da lokaci ne, ka riƙe littattafanka, ka yi rajistar Nuwamba, abin da za ka ƙara saya bai wuce sabon rumbun tambayoyi ba, shi ma sai bayan ka gama na cibiyar.

In ka yi gwajin, ka dawo ka faɗa mini makinka a manyan fannoni huɗun nan da kalmar da ta fi yawa a littafin kuskurenka, sai mu tsara makonnin tare.